Yaushe za a tona asirin gidan a shirin fatalwa mai dogon zango?

Kin ce labarinki na da tsohon gida da fatalwa da sirrin da dangi suka binne, kina tsoron masu kallo su ƙosa kafin a tona shi.

Kafin ki taɓa kashi na 1, rubuta gaskiyar lamarin a shafi guda: wa ya mutu, wa ya rufe maganar, wa ya ci gado. Sai ki ware wa kowane mutum abin da ya sani, abin da yake zato, da ƙaryar da yake yi. A nan ake yawan tuntuɓe, sai ki ga kaka ta razana da abin da ita ta ɓoye.

Idan kashi 26 ne, raba sirrin gida uku, wajen kashi na 6, 15 da 24. Kowace amsa ta haifi tambaya mafi muni.

Fatalwar kuwa, ɗaure ta da doka biyu: wa ke ganinta, me ya hana ta magana. In har bakinta a buɗe yake, me ya hana ta fasa ƙwai tun daren farko? Aikinta nuni ne, ta tsaya gaban ƙofar da aka toshe kawai. Hujjar ta fito daga abin da hannu zai taɓa, wasiƙa ko hoton da aka yanke fuskar wani. Mafarki ba hujja ba ne, lalacin marubuci ne.

Ki bar mai kallo ya riga jarumar sani da kashi biyu.