Tambaya da Amsa: Za a iya sauya wa tsohon firiji gas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da firiji mai ƙofa biyu da na saya na hannu shekaru masu yawa da suka wuce, kuma kwanan nan ya daina sanyi. Mai gyara ya ce gas ɗinsa ya ƙare, kuma irin wanda yake amfani da shi, wato R12, ba a samunsa yanzu, don haka zai zuba masa R134a ko R600a, duk wanda na zaɓa. Shin hakan zai yiwu ba tare da firijin ya lalace ba? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zai yiwu, amma ba yadda mai gyaran ya faɗa miki ba. Kafin maganar sabon gas ma, ya kamata ki san cewa gas ɗin firiji ba ya ƙarewa don an daɗe ana amfani da shi, domin a cikin rufaffen bututu yake zagayawa. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, sau da yawa a wurin da aka yi walda, ko a ɗakin ƙanƙara inda wani ya sa wuƙa yana kankare ƙanƙara har ya huda bututu. Duk gas ɗin da aka zuba ba a toshe wannan huda ba, fita zai yi shi ma, kamar zuba ruwa a kwando.

Gaskiya mai gyaran ya faɗa miki game da R12. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta wajabta daina shi saboda yana lalata iskar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya da Nijar, ya cika a 2010.

Matsalar R134a tana wajen man da ke cikin kwamfuresa ne, wato injin da ke tura gas a cikin bututu. Kwamfuresar da aka ƙera don R12 tana aiki da man da aka tace daga ɗanyen mai, shi kuwa R134a ba ya gaurayuwa da wannan mai, don haka man da ya bi gas ya shiga bututu ba zai koma cikin kwamfuresa yadda ya kamata ba. Firijin zai iya yin sanyi na wasu makonni, har ki ce gyara ya yi, alhali a ciki kwamfuresa tana ƙarancin mai, siririn bututun nan da ake kira kafilari kuma yana toshewa a hankali. Aikin gaskiya shi ne a sa sabuwar kwamfuresa ta R134a mai irin man da ake kira POE, a wanke bututu da gas ɗin naitirojin, a canza draya, wato ɗan gwangwanin jan ƙarfe da ke tace datti da damshi, sannan a tsotse iska da injin tsotsa na ainihi na tsawon lokaci, saboda man POE yana shan damshi da sauri. Daga nan a auna gas a sikeli, a zuba ƙasa da nauyin da aka rubuta na R12 da kusan kashi 10 cikin 100. A bayan firiji ko cikinsa akwai ɗan allo da ke nuna nau'in gas da nauyinsa a giram, kuma mai gyaran da bai duba shi ba yana aiki ne da ka.

Game da R600a kuwa, shawarata ita ce kada ki yarda a zuba shi a wannan firijin. Gas ne mai kyau, ba ya taɓa ozon, bai cika ƙara ɗumamar yanayi ba, shi ya sa yawancin sababbin firiji suke zuwa da shi, amma yana kamawa da wuta. Firijin da aka ƙera dominsa an tsare makunnin fitilarsa da na'urar daidaita sanyinsa yadda tartsatsi ba zai haɗu da gas ba idan ya yi yoyo, tsohon firiji kuwa ba shi da wannan kariya. Bayan haka, kwamfuresar R600a tana buƙatar ciki mai faɗi kusan ninki biyu kafin ta ba da sanyi daidai da na R12, don haka a tsohuwar kwamfuresa ko ƙanƙara ba za ki samu sosai ba. Haka nan kada a zuba gas ɗin girki da sunan abu ɗaya ne, domin ba a tace shi don firiji ba.

Ki nemi mai gyaran ya fara gano yoyon, ya nuna miki kumfar sabulu tana tashi a wurin. Idan hudar tana wurin da hannu zai kai, gyaran ya cancanta. Idan kuwa tana cikin bango, inda bututu ke binne a soso, to kuɗin kwamfuresa, draya, gas da na aiki gara ki tara su ki sayi sabon firiji, wanda kuma zai fi tsohon rangwamen cin wuta, musamman idan da janareta ko sola kike amfani. In an yi sauyin, ki sa ya manna takarda a jikin kwamfuresa mai ɗauke da sunan sabon gas da nauyinsa, don wanda zai taɓa firijin nan gaba.