Amsa ga mai neman teburin rukunin maki a TI-84

Ƙanena, ka ce kana da makin ɗalibai 40 a takarda, kana son kalkuletarka ta TI-84 ta faɗa maka mutum nawa ne a kowane rukuni, amma ka duba ko'ina ba ka ga wurin ba. Babu maɓallin da ke yin wannan kai tsaye. Ni ma na sha wannan neman lokacin da na fara koyar da ƙididdiga, kafin na gane cewa ta zanen sanduna ake bi, wato histogiram.

Danna STAT da ENTER, ka zuba makin a L1, wato jeri na farko. Sai 2nd da Y=, ka kunna Plot1, ka zaɓi hoton sandunan nan masu manne da juna, Xlist ya zama L1, Freq ya zama 1. Kada ka danna ZOOM 9, domin kalkuletar za ta zaɓi faɗin rukuni da kanta, ta ba ka iyakoki masu ɗigo da ba su dace da teburinka ba. Shiga WINDOW da kanka. Xmin ka sa 0, Xscl ka sa 10, shi ne faɗin kowane rukuni, Ymax kuma ya ɗara sanda mafi tsayi.

Xmax, wato iyakar allon ta dama, shi ne nake so ka kula da shi sosai. Ka sa 110, ba 100 ba. Lambar da ta faɗa daidai kan iyaka sandar dama take shiga, wanda ya ci 50 yana rukunin 50 zuwa ƙasa da 60. Wata rana na sa 100, na tara adadin na ga mutum ɗaya ya ɓace. Na sake duba makin sau biyu ina zaton ni na tsallake wani, ashe yarinyar da ta cinye maki 100 ce ta fita daga allo. Tun daga ranar ba na rubuta tebur sai jimilla ta yi daidai da yawan ɗalibai.

Daga nan GRAPH, sai TRACE. Duk sandar da ka matsa kanta da kibiya za ka ga iyakokinta da n, wato adadin mutanen da ke rukunin, wannan n ɗin shi za ka kwafe.

In malaminku na son matsakaici daga tebur, zuba tsakiyar rukunoni a L2 (4.5 na maki 0 zuwa 9, 14.5 na 10 zuwa 19, haka har ƙarshe), adadinsu a L3, ka shiga STAT, CALC, 1-Var Stats, List ya zama L2, FreqList ya zama L3. Amsar kusanto ce kawai, ta ainihi tana L1 tunda kana da makin kowa. Tarawa daki-daki kuwa cumSum(L3) ke yi.

In kalkuletar ta rubuto maka DIM MISMATCH, L2 da L3 ne tsawonsu bai zo ɗaya ba. Wajen gogewa kuma ka hau kan sunan jerin ka danna CLEAR da ENTER. DEL ɓoye jerin yake yi gaba ɗaya, sai ka bi STAT 5 da ENTER kafin ya dawo.