Filin Amsa Tambayoyinku: Tabarau da Lafiyar Ido

Tambaya: Ni tela ne, shekarata 46. Tun bara na lura ba na iya zura zare a kafar allura sai na miƙa hannu nesa, saƙon waya ma sai na janye ta daga fuskata kafin in karanta. Abokin aikina ya ara mini tabaransa na ga komai tangaran, amma an ce mini wanda ya saba da tabarau idonsa ƙara mutuwa yake yi. In sayi irin nasa ne, ko in haƙura?

Amsa: Malam, abin da ya same ka ba cuta ba ce, shekaru ne suka taɓa ido. A cikin ƙwayar ido, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wani ɗan madubi mai laushi wanda yake kumbura idan mutum ya dubi abu na kusa, ya kuma saki idan ya hangi nesa. Daga wajen shekara 40 madubin yakan fara tauri, har ya kasa kumburan da ake bukata, shi ya sa kake miƙa hannu. Taurin nan yana ci gaba har wajen shekara 60, ko ka sa tabarau ko ba ka sa ba, kuma a nan ne maganar da aka gaya maka ta samo asali. Mutum ya fara da gilashi mai lamba +1.00 (lambar ita ce ma'aunin ƙarfin gilashi), bayan 'yan shekaru ya koma +1.50, daga baya +2.50, sai ya ɗora wa tabarau laifin da shekaru suka aikata. Ga shi kuma wanda ya ɗanɗana gani garau, da zarar ya cire tabarau yakan ji dishi-dishin ya fi na da, alhali da can ma haka yake gani, sabo ne kawai ya ɓoye masa.

Sai dai ban ba ka shawarar ka sayi irin na abokinka ba tun kafin a auna ka. Tabarau na karatu da ake sayarwa a haɗe lambarsa ɗaya ce hagu da dama, tazarar da ke tsakanin tsakiyar gilasan biyu ma ba a kan fuskarka aka gwada ta ba. Idan idanunka biyu sun yi daidai da juna zai iya yi maka aiki ba tare da illa ba, amma idan ɗaya ya fi ɗaya rauni, ko fuskar idon ba ta lanƙwasa daidai ba, za ka wuni da ciwon kai a kan keken ɗinki. Abin da ya fi wannan muhimmanci a ganina shi ne, a shekarunka ne ya kamata a fara duba hawan jinin ido, cutar da take cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Idan ka je wurin awo, ka nuna wa likita da hannunka nisan da ke tsakanin idonka da allurar keke, domin da wannan nisan za a zaɓa maka lamba.

Tambaya: Rana tana damun idona sosai. Shin baƙin tabarau da ya fi duhu shi ne ya fi kare ido?

Amsa: A'a, Malama, duhun gilashi daban, kariya daban. Abin da yake cutar da ido a hasken rana wani ɓangare ne da ba a ganinsa, wanda yake da hannu wajen kawo yanar ido da kuma tsiron naman nan da ke fitowa daga farin ido ya nufi baƙi. Ki nemi tabarau mai alamar UV400, wato wanda yake tare wannan haske gaba ɗaya, ko da launinsa bai yi duhu ba. Baƙin gilashin da ba shi da wannan kariya gara babu da shi, saboda a cikin duhunsa kafar ido takan buɗe, sai hasken mai cutarwa ya sami ƙofa mafi faɗi. Mai faɗin da ya rufe gefen ido ya fi mai ƙaramin gilashi, komai kyansa a fuska.

Tambaya: Ina wuni a gaban kwamfuta, da yamma idona ya yi ja yana raɗaɗi. Tabarau mai tare shuɗin haske zai taimaka?

Amsa: Da wuya. A 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kan irin wannan gilashi, ba ta kuma ga shaidar cewa yana rage gajiyar ido ba. Raɗaɗin yawanci daga bushewa yake, domin mai kallon allo ba ya ƙifta ido yadda ya saba. Bayan kowane minti 20 ka ɗaga kai ka hangi abin da ke da nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ka sauke allon ƙasa da saitin idonka kaɗan, ka kuma kawar da iskar fanka daga fuskarka. Idan ciwon bai lafa ba, a auna ka, wataƙila tabarau mai lamba kake bukata.

Tambaya: Ɗana mai shekara 6 yana ƙanƙance ido idan zai karanta allo a aji. Bai yi ƙanƙanta da tabarau ba?

Amsa: Bai yi ba, Hajiya, kuma a nan jinkiri yana da hatsari. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani ne har wajen shekara 7 ko 8, idan kuwa ido ɗaya yana aika mata hoto marar kyau sai ta yi watsi da shi, ya zama ragon ido wanda gyaransa yake wahala bayan an girma. Ki kai shi a auna shi cikin wannan zangon karatu, ki kuma roƙi a saka masa gilashin roba mai jure bugu, tunda yaro ba zai fasa guje-guje don ya sa tabarau ba.