Tambaya da Amsa: Canjin Kuɗin da Ya Raba Jamus Gida Biyu

Tambaya: An gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, amma sai 1961 aka gina katangar Berlin. To, yaushe ne ainihin Jamus ta rabu?

Amsa: Ko da katangar ta zo, aikin gama ya riga ya gama. Canjin kuɗin 1948 ne ya tsaga ƙasar.

Da Jamus ta miƙa wuya a watan Mayun 1945, Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka kasa ta huɗu. Berlin ma haka aka yi mata, alhali tana can cikin yankin Sobiyet, kimanin kilomita 160 daga iyakar yamma. Tsohon kuɗin ƙasar, Reichsmark, gwamnatin Hitler ta buga shi fiye da kima saboda yaƙi, har ya zama takarda kawai. Manomi ya ƙi kai dankalinsa kasuwa, mai kanti ya ɓoye hajarsa, aka koma ciniki da karan sigari a bayan fage.

Ranar 20 ga Yunin 1948 yankunan yamma uku, na Amurka da Birtaniya da Faransa, suka fito da sabon kuɗi, Deutsche Mark. Aka ba kowa mark 40 a hannu, daga baya aka ƙara 20. Albashi da kuɗin haya ba a rage su ba, amma ajiyar banki ta sha kashi: kowane 100 ya koma 6 da rabi. Mai tattalin 'yan kuɗinsa ya tashi a tutar babu, mai gida da mai masana'anta suka tsira da dukiyarsu. Washegari sai ga kantuna maƙil da kayan da aka ce babu.

Sobiyet suka ga tsohon kuɗin zai kwararo yankinsu, tunda can bai daina aiki ba. Cikin gaggawa suka lilliƙa wa tsofaffin takardun tambari, suka ce nasu za a kashe a duk Berlin. Yamma ta ƙi. Ranar 24 ga Yuni Sobiyet suka toshe hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa masu shiga yammacin Berlin.

Abin da ya ceci birnin shi ne hanyoyin sama guda uku da aka amince da su a rubuce tun 1945. Na ƙasa kuwa babu wanda ya damu ya rubuta. Jiragen ƙasashen yamma suka yi jigilar kaya sama da tan miliyan 2, mafi yawa kwal, da busasshen dankali da garin madara don rage nauyi. Jirgin da ya kuskure sauka ba ya sake gwadawa, komawa yake da lodinsa don kada layi ya tsaya. An buɗe hanya ranar 12 ga Mayun 1949, a watan aka kafa Jamus ta Yamma, ta Gabas ta biyo baya ranar 7 ga Oktoba.

Tambaya: Ban da batun kuɗi, ina aka kai ƙananan 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitler, waɗanda ba su je kotun Nuremberg da ta yi wa manyansu shari'a ba?

Amsa: A yankin Amurka an raba fom mai tambayoyi 131, aka kasa mutane rukuni biyar, daga manyan masu laifi zuwa waɗanda aka wanke. Fom ya taru miliyoyi, sai aka miƙa aikin ga kotunan Jamusawa a 1946. Suka fara da shari'o'i masu sauƙi, maƙwabta na rubuta wa juna takardar shaidar kirki. Kafin a kai ga manyan, yaƙin cacar baka ya kankama, ana neman alƙalai da malamai da injiniyoyi ruwa a jallo, da yawansu suka koma kujerunsu.