Malam, ya halatta in ƙara gishiri a tarihin shugaban 'yan tsafin Turawa tunda ba Musulmi ba ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne ina ajin ƙarshe a jami'a, kuma ina ɗan haɗa gajerun bidiyo na tarihi da Hausa mutane suna kallo. Yanzu ina aiki ne akan wani Bature ɗan Ingila mai suna Gerald Gardner wanda ya fito da addinin tsafi na zamani da ake kira Wicca. Abun da ya ɗaure min kai shi ne na ga an rubuta wai ya taɓa yin kalmar shahada a Malaya (cikin ƙasar Malesiya ta yau), kuma a Tunisiya aka binne shi, sai wani abokina yace ai wannan ya nuna ya mutu Musulmi, in faɗi haka zai ja masu kallo. Wani kuma da muke karatu tare yace a'a, in ce suna yanka mutane suna shan jini don mutane su tsorata su guje su, tunda kafiri ba shi da alfarma kuma yaƙi ɗan zamba ne. Malam me ya halatta in faɗa? Kuma tona asirinsa bayan ya mutu ba giba ba ce?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka danna, da yawan sa'anninka sai bayan abu ya zaga duniya suke zuwa suna cewa Malam ya zan yi.

Maganar giba ba ta buƙatar dogon bayani. Mutumin da ya fito fili ya rubuta littattafai yana kiran mutane zuwa bautar wanin Allah, bayyana halinsa da ƙaryarsa don gargaɗi ya halatta, malamai ba su yi saɓani a nan ba. Zagi na banza da ba ya ƙara wa mai sauraro komai shi ne zaka bari, ya riga ya isa ga abin da ya gabatar.

Inda hukuncinka ya rataya shi ne wani abu da ka wuce shi da sauri a tambayarka, ka ce "na ga an rubuta". Waye ya rubuta, kuma daga bakin wa ya ji? Labarin shahadar nan asalinsa littafin tarihin rayuwarsa ne da ya fito a 1960 yana raye, da sunan wani almajirinsa Jack Bracelin a bango, amma waɗanda suka zauna da su sun bayyana cewa Idris Shah ne ya rubuta shi, marubucin nan da ya yi suna wajen rubutu kan sufanci da Turanci, kuma a lokacin abokin Gardner ne. To kaga ke nan isnadin gaba ɗaya ya koma kan mutum ɗaya, shi Gardner ɗin da kansa, shi ya ba da labarin kansa aka rubuta. Shi kuwa an kama shi da ƙarya akan kansa ba sau ɗaya ba. An haife shi a 1884 kusa da Liverpool, ciwon asma ya hana shi zaman makaranta, mai renonsa ce ta riƙa yawo da shi ƙasashe masu ɗumi, daga baya ya yi aikin gonakin shayi da na roba a Silon (Sri Lanka ta yau) da tsibirin Borneo da Malaya, ya zama ma'aikacin kwastam har ya yi ritaya a 1936, amma da ya dawo gida sai ga shi ana kiransa dakta, wai yana da digirin digirgir daga Singafo da kuma Toulouse ta Faransa, kuma ba wani malamin Musulunci ko fasto ne ya tona wannan ba, Doreen Valiente ce, babbar almajirarsa, ita ta bincika ta ga ba haka ba ne. Da a ilimin hadisi ne, irin wannan mai ruwayar ba a karɓar abin da ya kaɗaita da shi.

Amma ka lura, maƙaryaci ma yakan faɗi gaskiya, Annabi (SAW) ya faɗi haka akan Shaiɗan kansa a ƙissar Abu Huraira. Gardner ya ce a 1939 aka shigar da shi wata ƙungiyar asiri a yankin New Forest na kudancin Ingila a gidan wata tsohuwa Dorothy, mutane da yawa suka ce ƙirƙirarta ya yi, sai ita Valiente ɗin ta bi takardun haihuwa da na mutuwa ta gano matar ta taɓa rayuwa da gaske, sunanta Dorothy Clutterbuck. Samuwar matar ta tabbata, cewa ita shugabar 'yan tsafi ce kuwa har yau masu bincike suna jayayya akai. Irin wannan rarrabewar nake so ka koya. A bidiyonka abu uku ne kuma kowanne da lafazinsa: abin da takarda ta tabbatar ka ce "ya faru", abin da shi ya faɗa akan kansa ka ce "shi ya ce", abin da aka gano ƙarya ne ka ce "ya yi iƙirari amma an gano ba haka ba ne". Maganar shahada tana kashi na biyu. Ko a labarin ma ba a ce ya riƙe sallah ko ya rayu a matsayin Musulmi ba.

Kuma ko da ta tabbata ya furta, ba ta canza komai ga abin da abokinka yake so ba. Mu da zahiri muke hukunci, zahirin ƙarshen rayuwarsa kuwa a bayyane yake, bayan Ingila ta soke dokar hana maita a 1951 ya fito fili, ya buga littafinsa a 1954 yana tallata bautar wani abin bauta mai ƙaho da wata allahiya mace, akan haka ya zauna har ya mutu. Ba a ce masa Musulmi, ba a nema masa gafara. Kiransa murtaddi ma ba ka da buƙatarsa, don sai Musulunci ya tabbata kafin a yi maganar ridda. Batun Tunisiya kuwa ba wani sirri a ciki, a Fabrairun 1964 zuciyarsa ta buga a cikin jirgin ruwa yana dawowa daga Labanan, tashar da jirgin ya tsaya ta gaba Tunis ce, sai aka sauke gawar aka binne a can. Ƙasa ba ta musuluntar da gawa.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ta abokin karatunka, don ba shi kaɗai ke faɗinta ba, na sha jin ta har a bakin wasu masu wa'azi, wai ƙarya akan kafiri ko ɗan bidi'a ba komai in dai don a kare addini ne. Wallahi wannan magana ɓatacciya ce kuma ɓarnarta a kanmu take komawa.

Hujjarsu ta farko wai yaƙi ɗan zamba ne. Hadisin ingantacce ne, haka ma hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba da aka yi rangwamen ƙarya a wuri uku, yaƙi da sulhu tsakanin mutane da zancen miji da mata. Amma yaƙin da ake nufi filin daga ne, ka ɓoye wa abokin gaba inda rundunarka ta nufa, ka rikita shi. To kai wa zaka yaudara da bidiyonka? Gardner ya mutu tun 1964, mabiyansa ba sa jin Hausa. Wanda zai kalla ya yarda shi ne ɗan uwanka Musulmi a Kano da Maraɗi da Kumasi, wanda ya amince da kai. Ashe ke nan zambar ba a kan abokin gaba ta faɗa ba, a kan 'yan uwanka ta faɗa.

Ta biyu wai kafiri ba shi da alfarma. Ko da an sallama musu wannan, kuma ba a sallama ba, haramcin ƙarya ba daga alfarmar wanda aka yi wa yake farawa ba, daga harshen mai yin ta yake farawa. Allah ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, ku yi adalci shi ya fi kusa da taƙawa, kuma malaman tafsiri sun ce akan maƙiya kafirai ake magana. A Suratul Isra'i ya ce kada ka bi abin da ba ka da ilimi akansa. Ba a ce sai in Musulmi ne ba. Sannan mutanen nan suna da mabiya rayayyu a Ingila da Amurka, in ka ce suna yanka mutane ka jingina wa dubban mutane laifin kisan kai ba tare da shaida ba, kuma babu wata hujja da ta tabbatar da haka akan addinin da Gardner ya kafa. Jaridun Ingila na neman kasuwa sun yi ta yi musu irin wannan kururuwar tun yana raye, kai ba sai ka gaji aikinsu ba.

Ka duba yadda Annabi (SAW) ya yi da Hassanu ɗan Sabit a tsakiyar gaba da Ƙuraishawa, lokacin da ya ba shi izini ya mayar musu da martani da waƙa. Ce masa ya yi kada ka yi gaggawa, Abubakar ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa, ka je ya tsefe maka tukuna, don kada kibiyar ta sami wanda bai kamata ba. Wannan fa da mutanen da suka kore shi daga garinsu ake. Ka kuma duba Abu Sufyan gaban Hiraƙla sarkin Rum tun yana mushiriki, shi da bakinsa yace ba don kunyar a riƙa ambatonsa da ƙarya ba da ya yi wa Annabi ƙarya. Mushiriki ya ji kunyar ƙarya akan maƙiyinsa, sai mu da muke da Alƙur'ani mu mayar da ita hanyar da'awa? Malamanmu da suka yi rubutu kan addinai irin su Shahrastani da Biruni sharaɗin da suka ɗora wa kansu shi ne su kawo maganar kowace ƙungiya yadda take a wajen masu ita, sannan in za a yi raddi a yi.

Kuma ka yi tunanin yaron da zai kalli bidiyonka yau, gobe ya iya Turanci ya shiga intanet ya ga ba haka ba ne, ba kai kaɗai zai daina yarda da shi ba, zai fara tambayar kansa ko sauran abin da malamai suka gaya masa ma haka yake. Na ga matasan da ta wannan ƙofar shakka ta shige su. Gaskiyar ma ta ishe ka, shirka ce ƙarara, suna yin ibadarsu tsirara, kuma iƙirarinsa na cewa tsohon addinin Turai ne da ya ɓuya shekaru aru-aru ya gina shi ne akan ra'ayin wata marubuciya Baturiya, Margaret Murray, wanda masana tarihi suka yi watsi da shi, Farfesa Ronald Hutton na jami'ar Bristol ya nuna cewa haɗe-haɗe ne na zamani daga ƙungiyoyin asiri da rubuce-rubucen wani matsafi ɗan Ingila, Aleister Crowley, da sauransu. Me zaka ƙara akan wannan?

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka. Ka kiyayi fassara sunan da suke kiran kansu da shi a Turance, wato "witch", zuwa "mayu". Maye a wajen Bahaushe mai kama kurwa ne, kuma ka san yadda wannan kalma take sa a far wa tsohuwa a ƙauye a doke ta ko a kashe ta akan zargin banza, in ka ce Turawa ma sun yarda akwai mayu har da ƙungiya, wani zai ɗauka ka ba shi hujja akan maƙwabciyarsa. Ka ce masu tsafi na zamani ko masu bautar gumaka. Haka kuma in zaka ce suna bin Shaiɗan ka bayyana cewa hukuncin aƙidarmu ne akan duk mai bautar wanin Allah, kada ka sa musu a baki kamar su suka faɗa, don su ba haka suke cewa ba. Kada ka saka hotunan tsiraicinsu ko da ka dusashe su, kuma kada ka karanto surkullensu a bidiyo.

Kai kanka ma, tarihin mutumin zaka karanta ba littafin tsafinsu ba, wannan ba ka da buƙatar buɗe shi. In ka ji zuciyarka ta fara jin daɗin abin ko sha'awar gwadawa ko da wasa ne, ka ajiye aikin nan take ka nemi malamin da ke kusa da kai, kuma ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma. Kana ajin ƙarshe, kada bidiyo ya cinye maka lokacin karatu. Shi kuma abokin karatun naka ka nuna masa wannan amsa cikin lalama ku biyu, kada ka kunyata shi a gaban mutane, na fi zaton kishin addini ne ya kai shi, a wani wuri ya ji. In yana da sauran shubuha ya rubuto min da kansa.

Wallahu a'alam.