Gidan tarihin Jos da ƙaurar mutanen farko

Malama, kin tambaya ko gidan adana kayan tarihi na Jos zai nuna wa ɗalibanki yadda mutanen dā suka yi ta ƙaura. Ki kai su, amma ke za ki haɗa musu labarin, don kayan Nok, wato mutum-mutumin yumɓu na wata tsohuwar al'umma da aka fara ganowa a ƙauyen Nok, su ne suka fi cika ido a wurin.

Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya kafa gidan a 1952. Masu haƙar kuza ne suka fara tono kayan Nok a 1928. Ki sa yaran su tsaya kan kawunan yumɓun nan: ido mai kusurwa uku, ƙwayar a huje, ga kitso kamar jiya aka yi shi. Ki kuma nemi jagora ya nuna muku kayan aikin dutse, irin waɗanda aka samu a ramukan kuzar Filato.

Tun a aji ki gaya musu cewa masana sun ce wasu mutane sun fita daga Afirka kimanin shekara 60,000 baya. Sahara ma dā akwai tafkuna da ciyawa. Da ta bushe wajen shekara 5,000 baya, makiyaya suka gangaro kudu.

Gidan zu na nan kusa, ki bar shi sai ƙarshe, in ba haka ba birai za su ƙwace miki yaran.