Amsa: IP67 a jikin akwatin kyamara

Malam, ka tambayi ma'anar IP67 ɗin da ke jikin akwatin da za ka kai kyamara Tanut. Lambar farko ta ƙura ce, kuma 6 ce ƙarshe: ko ƙurar hunturun Damagaram ba ta shiga. Ta biyu ta ruwa ce, 7 na nufin akwatin zai yi minti 30 a zurfin mita 1 ruwa bai jiƙa kaya ba. Mu nan ta farkon muka fi buƙata. Amma fa IP bai ce komai kan faɗuwa ba. Don gargadar hanya nemi akwati mai alamar MIL-STD-810, gwajin juriyar kaya na sojan Amurka, da soso mai kauri ciki. Ka riƙa goge robar bakin murfi, in yashi ya maƙale nan ƙura za ta bi.